Ni da Jaket ɗin Kwamando

Tun ina yaro nake mafarkin baƙar jaket ta fata. Laifin Kwamando ne, wato Arnold, wanda ya saka irinta a fim ɗin Terminator 2 na 1991, ya hau babur yana muzurai. Shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da wannan buri, har hunturun bara ya kai ni layin ’yan gwanjo na Ƙofar Wambai neman rigar sanyin yara. Can na hango ta a rataye, baƙa wuluk, zif ɗinta a karkace, ta tsufa amma da sauran kwarjini.

Na gwada, hannu ya shiga da ƙyar. Mai kaya ya ce, “Alhaji, ai kamar don kai aka yanka saniyar. Fata ce, da ta ji ɗumin jiki za ta saki.” Ban taɓa zuwa Makka ba, amma wannan Alhajin ya ratsa ni. Na ƙirga naira dubu 18 na miƙa, yara suka haƙura da tsofaffin rigunansu.

A gida na shige ta na fito tsakar gida. Hannuwana suka ƙi sauka, na tsaya kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye a gonar gero. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Maigida, ɗaure ka aka yi ko kai ka ɗaure kanka?” Na ce mata ba ta san kayan Turai ba. Ashe wanda aka ɗinka wa rigar bai taɓa haɗuwa da tuwon shinkafa ba. Tsakanin bakin zif na dama da na hagu akwai tumbi mai faɗin taƙi guda.

Shawarar farko a majalisa na samo ta: fata mai take so. Na kwashe man shanun da aka ajiye don ɗanwake, na mulke ta ciki da waje. Da safe na tarar kiyashi sun yi sansani a aljihu, kyanwar maƙwabta tana lasar kwala. Duk da haka na saka na hau adaidaita sahu. Ba mu kai Ɗan’agundi ba wata dattijuwa ta ce, “Wai wa ya ɗauko man shanu ne? Nawa kwalba?”

Shawara ta biyu daga wani abokina ta fito: a jiƙa ta, a saka a jiki har ta bushe, sai ta ɗauki siffar mai ita. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, domin fata mai danshi takan ɗan miƙe. Abin da bai faɗa ba shi ne yin haka da sanyin asubar Janairu neman mura ne da kuɗinka. Minti 20 na yi haƙorana suna kaɗa kalangu, na cire na ɗora ta kan kwanon ɗaki ta sha rana. Da la’asar na bi ta da dutsen guga don in ƙarasa alheri. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ta motse, ta ƙandare, ta koma kamar gandar da ba a jiƙa ba. Na jingina ta da bango ta tsaya da kanta.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na riƙe numfashi, na sa babban ɗana ya ja zif har wuya. Ya rufe! Murnata ba ta yi minti biyar ba aka kira magariba. Alwala na son gwiwar hannu, hannun riga ya ƙi naɗuwa, zif ya cije. Uwargida ta kama hannun dama, yara biyu suka kama na hagu, autarmu tana tafi. Da aka zare ni, sai da na faɗa kan kwandon wanke-wanke. Jam’i dai ya wuce ni.

Telanmu ya karya allura biyu ya miƙo min kayana. Ya ce fata ba yadi ba ce, duk inda allura ta huda ramin ya zauna har abada. In nemi dukawa.

Wani tsohon baduku ya juya ta, ya shinshina, ya ce, “Ɗana, miya ka so yi da ita?” Ya bayyana min cewa fata ko an jeme ta tana nan da halinta na jiki: ruwa yana fitar da maiƙonta, zafi ya sa ta tsuke, kuma abin da wuta ta motsar ba ya komawa daidai. Mai kaɗan ake shafa mata da tsumma, a murza da hannu, a bar ta a inuwa, a sake gobe. Ya nuna tumbina da basilla ya ce, “Wannan kuwa ba mai a duniya da zai sa ta rufe shi, sai ƙari.”

Ya farke gefunan daga hamata zuwa ƙugu, ya saka ƙyallen fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa. Irin fatar nan ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saye ta da sunan fatar Maroko. Na baro tamu a gida na je ina kokawa da tsohuwar saniyar wata ƙasa.

Aikin ya ci mako shida da naira dubu 22. Ranar da na karɓo ta, ta zauna min cif, hannuwana suka sauka lafiya. Sai dai Maris ya riga ya raba, zafin Kano ya doshi digiri 40, ko singileti nauyi take yi.

Yanzu tana rataye a bayan ƙofa tana jiran Disamba, uwargida kuma ta rage min malmala ɗaya don kada kuɗin baduku ya tafi a banza. Idan ɗan gwanjo ya ce maka “za ta saki”, duba tumbinka kafin ka duba aljihunka. Araha ba ta ado.