Ranar da Na Ƙara wa Fijo Numfashi

Motar da na gada a wurin mahaifina Peugeot 504 ce, ƙirar Kaduna, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kakuri tun 1975. Injinta silinda huɗu ne, bawul takwas, kuma ko yana sabo ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. A lissafina rabin dawakan sun mutu tun zamanin soja, sauran kuma sun tsufa a turke. Duk da haka ba na yarda a raina ta. Wanda duk ya yi mata dariya sai na tuna masa cewa irinta ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975.

Abin da ya tunzura ni a hanyar Zariya ya faru. Ina tafe na take totur har ƙasa, sai ga tifa maƙare da yashi ta jera da ni, ta ɗan jima, sannan ta wuce abinta. Wucewar ba ta dame ni ba. Yaron motar da ke zaune a kan yashin ne ya ɗago hannu ya yi mini sannu, fuskarsa cike da tausayi.

Daren nan a waya na kwana, ina kallon wasu tsofaffin makanikai na Amurka da Ingila suna bayanin yadda ake ƙara wa inji ƙarfi. Ashe inji ba mai ya fi ci ba, iska ce. Kilo ɗaya na fetur sai ya samu kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Zuba mai ba wuya, kafireta na iya kwarara shi har ya yi yawa. Iskar ce ke shan wahala: sai ta bi ta wasu lunguna a cikin top silinda, wato kan inji, ta sha kwana, ta kutsa ta gefen bawul. In inji na juyi 3000 a minti ɗaya, kowane bawul na shigar iska yana buɗewa sau 25 a daƙiƙa guda. Saboda haka masu sana'ar suke fafe lungunan nan, su daidaita su, iska ta samu hanya. Akwai wani Baturen Ingila, Harry Weslake, da ya yi suna a duniyar tseren mota da auna yadda iska ke bi ta cikin kan inji. Kafin asuba na gama yanke shawarar cewa abin da Bature ya yi, ni ma da hannu biyu aka haife ni.

Makanikena dattijo ne wanda ya san motar tun tana hannun mahaifina. Ya saurare ni har na kai aya, yana goge sufana da tsumma.

“Malam, bawul zan wasa maka, in sa sabon gaskit, in saita taimin. Za ka ji ta canza. Amma fafe top, ba da ni ba.”

“Saboda me, Oga?”

“Bayan bangon nan da kake son ci, ruwan lagireto ne ke zagayawa. Kaurin ba shi da yawa, kuma alminiyam ne, ba ya jure wasa. Waɗancan mutanen da ka gani suna da na'urar auna iska, su ci kaɗan su auna, su ci kaɗan su auna. Kai me kake da shi?”

Na ce ina da digiri. Ya ce Allah Ya sa albarka.

Aka sauke top ɗin, na zauna ina kallon yaronsa yana wasa bawul. Sai ya shafa wani maiko mai tsakuwa-tsakuwa a bakin bawul ɗin, ya manna masa sanda mai roba a kai, ya riƙa murza ta tsakanin tafukansa kamar mace na burga miyar kuka da maburgi, yana ɗagawa yana sake saukewa, har sai wani siririn zobe mai ruwan toka ya fito a kewaye. Zoben nan shi ne shaidar bawul ya zauna daram, ba inda matsi zai zurare. Aiki ne mai kyau, na yarda. Amma ni ba zobe na zo nema ba, dawakai nake nema.

Allah Ya kawo dama, Oga ya tafi ƙauyensu suna. Na ja yaron gefe, na yi masa alkawarin katin data na wata guda, muka naɗe top ɗin a buhu muka ɗora a babur sai gidana. Na leƙa Kofar Ruwa na sayo 'yar ƙaramar giranda da duwatsunta da samfefa. Zaure ya zama gareji.

Ramin farko na ci shi da ƙarfin zuciya, ya buɗe har yatsuna uku suna shiga. Na biyu hannuna ya fara tsami, sai ya fito ƙarami. Da na gwada su na ga ba su yi daidai ba, na koma na ƙara wa na biyun, sai ya zarce na farko, na komo kan na farkon. Haka muka yi ta yi. Garin alminiyam ya cika zaure, ya shiga tsakar gida, uwargida ta rantse ta gan shi yana ƙyalli a cikin tuwo. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, girandar ta tsaya cikin rami, na bar ta a wurin ina laluben tocila. Aka dawo da wutar ba sallama, ta tashi ta ci wani wuri ita kaɗai. Wannan cin ba nawa ba ne, ina so a rubuta. Daga ƙarshe na goge ko'ina sumul har ina hango haƙorana a ciki.

Yaron ya leƙa ya ce, “Baba, anya nan wajen bai yi siriri ba?”

Na ce masa ilimi ne yake gani, bai saba ba.

Muka ɗaura kafin Oga ya dawo. Ta tashi da wani gurnani wanda ya sa yaran unguwa suka fito. Amma da na shiga gari sai na tarar da wata mota daban. A go-sulo ba ta da kataɓus: in na saki kuloci sai ta yi tari ta mutu, sai na ba ta wuta kamar zan tashi sama kafin ta motsa. A danja 'yan adaidaita suka yi ta zabga mini hon, wani har yana tambaya ko koyo nake.

Da na koma waya sai na tarar ashe bidiyon da na yi koyi da shi yana da kashi na biyu, wanda mai shi ya ɓoye a ƙasa inda ba mai gani. A nan yake cewa iska ba faɗi kawai take so ba, gudu take so. In ta shigo da gudu, ko fistin ya kai ƙasa ya fara juyowa tana ci gaba da dannowa ciki, silinda ya cika. In hanya ta yi faɗi da yawa sai iskar ta yi sanyin jiki, musamman in inji na juyi a hankali, wato daidai yadda ake tuƙi a cikin gari. Gogewar madubi kuma ta hanyar fitar hayaƙi ce, don kada baƙi ya kama. Hanyar shiga ana barin ta da ɗan kaushi, in ba haka ba fetur ya kwanta a bango ya taru ɗigo-ɗigo maimakon ya gauraya da iska. Ya ƙara da cewa yawancin ribar tana nan kusa da mazaunin bawul, inda ake yanka kusurwa uku, digiri 30 da 45 da 60. Mutum mai amana da wannan zai fara.

Na ce ba komai, motar babbar hanya ce yanzu. Sai ga bikin 'yar ƙanwata, za a kai amarya Zariya. Na ce a ba ni gwaggonni. Aka cika bayan mota da su, aka danna kayan gara a but har ba ya rufuwa.

Ina so a shaida, bayan mun bar Kura ta yi gudu. Da injin ya ɗauki juyi sai ta buɗe, na wuce wata Golf har direban ya waiwayo. Dawakan mahaifina sun tashi daga kabari. Ban taɓa jin daɗin mota irin na wannan ɗan taƙi ba.

Wajen Kwanar Dangora na duba madubi ban ga hanya ba, sai farin hayaƙi tuƙuƙu. Injin ya fara ɗingishi, allurar zafi ta miƙe.

“Ɗan nan, turaren wuta ka kunna mana?” in ji babbar gwaggo.

Na gangara gefe. Da ta huce na buɗe lagireto, wayam. Na sayi fiya wata leda guda na ɗura, na tayar, muka ga ruwan yana fitowa ta salansa, rabi tururi rabi ɗigo. Siririn bangon nan ne ya tsage da ya ji zafi da matsi, injin yana zuƙar ruwa tare da iska. Ƙaramar gwaggo ta ce tun da take ba ta taɓa ganin motar da ke fitsari ba. Wata a-kori-kura mai ɗauke da albasa ta kwashe su, suka isa gidan ango suna hawaye, dangin ango suka yi ta yaba irin son da suke yi wa amarya.

Oga ya sauke top ɗin, ya juya shi, ya zuba kananzir a hanyar ruwa, muka tsaya muna kallo yana tsiyayowa ta ramin da na fi alfahari da shi. Ya daɗe bai ce komai ba.

“Malam, sannu da aiki.”

Na yi masa bayanin ɗauke wutar da aka yi, da yadda yaronsa ya riƙe tocila a karkace. Ya ce haka ne. Muka sayo wani top ɗan Beljiyam, kuɗinsa ya haɗiye albashina ya nemi ƙari. Nawa kuma 'yan gwangwan suka saya a kan kilo don masu zubin tukunya, har mai sikelin yana ƙorafin bai taɓa ganin top mara nauyi haka ba.

Kwanan baya na lura janaretonmu yana nishi in an kunna firji. Na bincika, bawul biyu kacal gare shi, aikin yini ɗaya. Na nemi girandata sama da ƙasa ban gani ba. Na tambayi uwargida, ta ce ita ba ta san ma kamanninta ba, amma in na taɓa janareton nan in tabbata na shirya zuwa biko.