Jan-baki Mai Natsuwa a Hunturun Kakau

Aikina a mujallarmu gyaran rubutu ne. Kwalliya ba ta cikin takardar ɗaukata aiki, kuma a gidanmu ko tozali ban taɓa riƙe wa wata madubi ta sa ba. To amma a ƙaramar mujalla, duk wanda ya riga kowa zuwa ofis shi ne direba, shi ne masinja, in ta kama shi ne mai kwalliya.

Hajiya edita ce ta tashi da niyyar mu fitar da shafin ado irin na manyan mujallu. Ta ce tun 1999 mujallar Fim ke buga hotunan mata da kwalliyarsu, mu me aka fi mu? Sai dai ta gindaya sharaɗi: ba ta son kwalliyar amarya, wadda ake hango jan-baki tun daga bakin layi kafin a ga mai shi.

"Kala mai natsuwa nake so," in ji ta. "Wanda zai yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba."

Na ce, "To, ranki ya daɗe," don a lokacin ban san ni za a aika neman wannan mai ladabin ba. Ana gobe ɗaukar hoto mai kwalliyar da aka yi alkawari da ita ta samu amarya a Barnawa, wadda ta fi mu tsoka, ta kashe waya. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau, ta miƙo kuɗi.

A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na tarar ashe ja ba ɗaya ba ne. Yarinyar shagon ta jera mini su, ta ce wannan ja ne mai sirkin shuɗi, shi ke sa haƙori ya ƙara haske a hoto, wancan mai sirkin ruwan lemo ne, yana tona asirin duk haƙorin da ya taɓa shan shayi. Ta nuna mini Ruby Woo na kamfanin MAC, wanda tun 1999 mata ke rububinsa, ta faɗi kuɗinsa, na mayar mata da shi da hannu biyu. Muka sauko layin waɗanda kuɗin Hajiya ke iya gaisawa da su. Ta dinga zana mini su a bayan hannu ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, kowanne ya yi kyau abinsa. Na zaɓi wani mai haske, mara sheƙi, da ya fi kama da wanda zai yi wa Hajiya biyayya, na haɗa da mai ruwan goro, da fensirin zagaye leɓe mai ruwan ƙasa. Har na juya ta cusa mini wata 'yar kwalba mai burushi a murfi, ta ce wannan na ruwa ne, in ya bushe ko tuwo aka ci yana nan.

Wurin ɗaukar hoto gidan Goggona ne a Kakau, can Ƙaramar Hukumar Chikun, kan hanyar Abuja. Mai hoto ya zaɓe shi saboda katangar jar ƙasa da bishiyar mangwaro, Hajiya ta amince saboda kyauta ne. Wadda za ta sa kayan kuwa 'yar yayata ce, ɗaliba, ita ma kyauta. Mai hoto ya yi ta nanata cewa hasken safe yake so, kafin rana ta hau tsakar ka ta zuba wa mutum inuwa a ƙarƙashin ido da hanci. Mun haye gadar Kogin Kaduna da sanyin safiya, muka wuce Kakuri lafiya, sai Gonin Gora ta karɓe mu. Wata tirela ta kwanta a gicciye. Ana daf da kiran azahar muka yi sallama a gidan Goggo.

Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Duk wanda ya ƙirƙiro jan-baki mara sheƙi bai taɓa kwana a Kaduna cikin wannan wata ba. Jan-baki dai kaki ne da mai, galibi man zurma, sai launi. In ana son ya fito ba ƙyalli sai a rage man a ƙara gari, shi kuwa garin nan duk wata tsaga da iska ta yi a leɓe sai ya bi ta ya zauna ya nuna wa duniya. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na shafa wa yarinya mai hasken nan. Mai hoto ya ɗauka, ya leƙa bayan kyamara, ya yi shiru, ya miƙo mini. Bakinta ya fito tamkar wadda ta afa garin kwaki ba ruwa aka kira ta kafin ta haɗiye.

"Kawu," in ji ta, "wannan ai ba don irin fatarmu aka haɗa shi ba."

Nan ta buɗe mini karatu. Wai launuka masu hasken nan cike suke da farin sinadari, a leɓen Baturiya su ɓace, a namu su zama toka. Wai bayan hannu ba leɓe ba ne, kuma yawancinmu leɓen sama ya fi na ƙasa duhu, sai an fara daidaita su da fensir. Wai shi ya sa aka yi ta shewa a 2017 da Rihanna ta fito da Fenty da hodar ruwa kala 40, alhali Tara Fela-Durotoye tun 1998 take wannan fama da fatar baƙar mace a Legas. Na tambaye ta tunda ta san duk wannan me ya hana ta faɗa tun a mota. Ta ce ba a tambaye ta ba, kuma ba ta son katse babba.

Goggo da ke zaune kan tabarma tana kallon ikon Allah ta ce a kawo mata yarinyar. Ta lakato man kaɗanya da yatsa ta lafta mata, har yana ɗiga. Tsaga ta rufe, gaskiya. Amma da na ɗora mai ruwan goro a kai sai ya ƙi zama, ya kama hanyar haɓa. Muna cikin tare shi iska ta taso daga fili, ta kwaso ƙurar da ta samu, ta liƙa a kan man. Aka goge, aka sake. Can wata maƙwabciyar Goggo, Bagwariya mai kirki, ta aiko da dafaffiyar doya da manja, don a Kakau baƙo ba ya zama da yunwa. Ban ankara ba yarinya ta kai loma ta uku, jan-bakin Hajiya ya koma jikin doya, manja ya karɓi wurinsa. Mai hoto ya ce a gaskiya kalar manjan ta fi duk abin da na shafa tun zuwanmu.

Saura 'yar kwalba. Yarinya ta rufe baki da hannu, ta ce leɓenta ya yi tsami da guga, ba za a ƙara gwaji a kanta ba.

"Kawu, a gwada a naka mana, ai kalarmu ɗaya."

Mai hoto ya ce hujja ce mai ƙarfi, ga shi rana na tafiya. Ina so a shaida cewa saboda aiki na zauna a kan turmi. Ta zagaye mini leɓe da fensir, ta cike tsakiya da burushi, ta ce kar in haɗe baki sai ya bushe. Mai hoto ya matso, ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce wallahi wannan ita ce kalar da Hajiya ke nufi. Goggo ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki. Da ta samu numfashi ta ce su a zamaninsu goro da fure ne ado, mace ta goga furen taba a haƙori, ta tauna goro, baki ya yi ja jawur, ba wanda ya taɓa zaunar da namiji a turmi a kai. Yarinya ta ce mata ai wani jan ma daga jikin ƙwaro ake samo shi, wanda ake kiwo a kan wata ƙaya a ƙasar Peru. Goggo ta yi salati, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, har da ƙwaro?"

Aka kira la'asar. Na ɗauki buta, na wanke baki, yana nan. Na sa sabulu, yana nan. Na sa soso, leɓe ya kumbura, kala ta ƙara fitowa. Mai shago ba ta yi ƙarya ba, kuma a duk cinikin da na taɓa yi a kasuwar nan wannan ne kaɗai kayan da ya cika alkawarinsa. A ɗakin Goggo na yi sallah, ni kaɗai, ƙofa a rufe.

Ina fitowa na tarar an gama aiki ba ni. Rana ta yi sanyi, katanga ta ɗauki haske, yarinya ta gyara kanta da kanta: man kaɗanya ɗan kaɗan, ta danne da tishu, fensir a gefe, sannan ta ɗangwalo mai ruwan goro da ɗan yatsa ta ɗiɗɗiga a tsakiya. Jirgin ƙasan Abuja, wanda tun 2016 yake ratsa Kakau, ya yi kuka daga nesa, ta waiga, mai hoto ya danna. Ya kuma ɗauki Goggo tana dariya da jan goro a baki, ba tare da ta sani ba.

Don komawa gida Goggo ta lalubo mini wani takunkumi da ya rage tun zamanin korona. A shingen bincike wani jami'i ya haska mota da tocila ya ce mai takunkumin nan ya buɗe fuska. Na buɗe. Ya daɗe yana haskawa. Na ce, "Yallaɓai, aiki ne." Ya ce bai tambaye ni ba. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya haska. Sannan ya sunkuyo ya rage murya ya ce a ina ake sayar da irinsa, maiɗakinsa ta daɗe tana nema.

Uwargida ba ta rage murya ba. Sai da aka kira mai hoto, aka kira yarinya, aka tashi Goggo daga barci ta ba da shaida tana dariya. Da shari'a ta ƙare ta ɗiga man gyaɗa a auduga ta goge mini shi tas cikin ƙiftawar ido, ta ce kowace yarinya ta san mai ne ke cire shi, sannan ta sa 'yar kwalbar a jakarta a matsayin tara.

Mujalla ta fito bayan sati uku. Kuɗin takarda ya tashi, maɗaba'a ta ƙara farashi, Hajiya ta yanke cewa bango ne kaɗai za a yi da kala, kuma bangon wani ɗan siyasa ya riga ya saye shi. Shafin ado ya fito baƙi da fari. Ta buɗe shi a tebur ta ce ka ga natsuwar da take faɗa. A ƙasan hoton kuma, cikin ƙananan baƙaƙe, ta sa sunana a matsayin mai kwalliya, har da lambar wayar ofis. Jiya wata ta kira daga Sabon Tasha, bikinta bayan sallah ne, tana tambaya ko ina zuwa gida, kuma nawa nake yi har da ƙawaye.