Yadda Ake Zama Gwanin Ɗanɗanon Hotdog a Bakin Titin Amurka

Duk wanda Allah Ya nufa da taka ƙasar Amurka, karatu ya kai shi ko fatauci ko duba jikoki, zai tarar da wani abinci yana jiransa a kusan kowace kwana. Sosej ne siriri, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, an kwantar da shi a cikin tsagaggen burodi, an bi shi da kayan haɗi. Shi ne hotdog. Da ganin farko za ka raina shi, amma kada ka yi saurin yanke hukunci. A watan Yunin 1939, da Sarkin Ingila George na Shida ya kai ziyara, hotdog na cikin abin da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa aka kawo masa a gidansa na Hyde Park. Abin da aka tari sarki da shi ya cancanci a ci shi da ilimi. Ga hanyar da za ka bi ka zama gwani, wanda in ya buɗe baki a kan hotdog kowa zai yi tsit.

Mataki na ɗaya: Tambaya kafin loma

Matambayi ba ya ɓata. Baƙin haure daga Jamus ne suka kai wannan sosej Amurka, kuma a girkinsu naman alade ba baƙo ba ne. Har yau hotdog da yawa haɗin naman shanu ne da na alade. Don haka kafin yawunka ya tsinke, sai ka yi tambaya uku. Naman mene ne? Fatar da aka ɗura shi a ciki ta mece ce, tunda wani da hanjin tunkiya ake yi, wani da na alade, wani kuma ba shi da fata sam? Sannan me ake gasawa tare da shi a kan ƙarfe ɗaya?

Naman shanu zalla mataki ne, yankan halal kuma wani mataki ne daban. Akwai sosej mai shaidar halal, akwai kuma na Yahudawa irin su Hebrew National, wanda alade ba ya kusantarsa. Hukuncin yankan Ahlul Kitabi kuwa ka warware shi da malaminka tun kana gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai amalanke ba zai tsaya yi maka fatawa ba alhali mutum goma na bayanka. A birnin Niyok lamarin da sauƙi, don Musulmi sun yi yawa a wannan sana'a. Shahararrun nan The Halal Guys ma da amalanken hotdog wasu Misirawa suka fara su a 1990, kafin su koma ga shinkafa da nama saboda direbobin tasi Musulmi.

Mataki na biyu: Shirin fita

Ka fita da yunwa matsakaiciya. Wanda ya ƙoshi ba ya adalci, wanda yunwa ta ci ƙarfinsa kuwa ko takalmi aka ba shi da albasa zai ce madalla. Ka riƙe ɗan littafi da biro, da gorar ruwa, da kuɗi ƙanana a aljihu. Ka nemi aboki guda ku riƙa raba kowane hotdog biyu, ciki ya samu sauƙi, kuma ka samu mai yi maka musu, don ɗanɗano ba ya nuna sai da gardama.

Farar shadda kuwa ka bar ta a akwati. Mastad, wato wannan miya rawaya mai ɗan yaji da ake zizara wa hotdog, tana da wata ƙauna ta musamman ga farin yadi, kuma ba ta kuskuren saiti. In dole sai da babbar riga za ka fita, to ka naɗe hannayenta har kafaɗa ka yi addu'a.

Mataki na uku: Zaɓen wuri

Da ɗan gari akan ci gari. Yadda kake gane mai tsiren kirki da yawan mutanen da suka kewaye tukubarsa bayan magariba, haka ake gane mai hotdog. Duba su wa ke kan layi. In ka ga direbobin tasi da leburorin gini da ma'aikatan asibiti, shiga sahu. In ka ga 'yan yawon buɗe ido ne kaɗai, kowa da kyamara a wuya, tambayi farashi tun kafin a ɗaga murfi. A Niyok hukumar lafiya tana liƙa wa masu abinci harafin A ko B ko C gwargwadon tsabtarsu, sai ka ɗaga ido ka duba.

Kada ƙanƙantar wuri ta rage maka ƙarfin gwiwa. Rumfar da ba ta da kujera ko ɗaya, wadda allonta ya koɗe, wadda abin da take sayarwa bai wuce kala uku ba, sau da yawa ita ce ke riƙe da sirrin. Mai kala hamsin hankalinsa a rabe yake.

Mataki na huɗu: Ladabin layi

Gaisuwa ado ce, amma a nan taƙaitacciya ake so. Kada ka tsaya tambayar mai amalanke gajiya da iyali da kwanan yara, na bayanka mintuna kaɗan aka ba su na cin abincin rana. Ka shirya abin da za ka ce tun kana nesa. Ba a tayi, ba a neman gyara, ba a cewa a ƙara ɗan yanki na albarka.

Sai ka tsaya ka kalli aikin, don shi ma abin kallo ne. A ƙarƙashin laimar nan mai shuɗi da rawaya ta kamfanin Sabrett, mai amalanke zai ɗaga murfin ƙarfe, tururi ya bugo fuskarsa. Ya zura awartakin ƙarfe cikin ruwan zafin da sosej ke kwance tun safe, ya tsamo guda, ya ɗan kaɗa shi ruwan ya ɗige, ya kwantar da shi cikin burodin da ke tafin hannunsa a kan 'yar takarda. Zizarar mastad ɗaya, cokali guda na albasa da aka dafa a jar miya, ko kabeji mai tsami, ya miƙo maka. Duka-duka kafin ka gama laluben aljihu an gama.

Mataki na biyar: Lomar farko

Nan ne ake rarrabe gwani da mai cika ciki. Ware ƙafafu kaɗan, tura ƙugu baya, sunkuyar da kai gaba, yadda duk abin da zai zubo ƙasa zai nufa. Riƙe da hannu biyu. Cokali da wuƙa ba su da hurumi a nan.

Fara da bakin sosej ɗin da ya leƙo waje, inda miya ba ta kai ba. In mai fatar hanji ne, haƙori zai ɗan ji turjiya, sannan fatar ta fashe ƙas, romo mai ɗumi ya biyo baya da gishiri da tafarnuwa da ƙanshin hayaƙi. Wannan ƙas ɗin ita ce abin da masana ke tafiyar mil ɗari don su ji. Daga nan sai ka auna abu huɗu, ka rubuta kowanne a littafinka. Fata: ta yi ƙara ko ta yi laƙwas? Nama: ɗanɗanon nama ne ko gishiri ne kawai ya yi kaka-gida? Burodi: yana da ɗumi da taushi, kuma ya riƙe amanar da aka ba shi har loma ta ƙarshe, ko ya rabe a tsakiya ya bar ka da kunya? Kayan haɗi: sun taya naman ne ko sun danne shi? Ka kurkure baki da ruwa kafin wuri na gaba, kuma kada ka wuce wuri uku a yini, don daga na huɗu harshe ya daina shaida, sai dai ya bi son rai.

Mataki na shida: Kowane gari da dokarsa

In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Babbar dokar da za ka haddace ita ce ta Shikago: ba a sa kecap, jar miyar tumatir ɗin nan ta kwalba. Akwai rumfunan da ba sa ajiye ta ma sam, irin su Gene & Jude's da ke gefen birnin. Wanda ya nema za a bi shi da kallon da ba zai manta ba. Mutanen Shikago suna da hujja, domin nasu ya riga ya cika ya batse: sosej na naman shanu zalla, burodi mai ɗigon ƙananan 'ya'yan fofi, mastad, yankakkiyar albasa, niƙaƙƙen kokwamba mai zaƙi kore shar, dogon yankin kokwamba mai tsami, tumatir, ƙananan barkono, da barbaɗen gishirin seleri. Su da kansu cewa suke an ja shi ta cikin lambu. Kamfanin Vienna Beef, wanda ke ba mafi yawan rumfunan garin sosej, tarihinsa ya faro ne daga babban baje kolin duniya da aka yi a birnin a 1893. In kana da mota, leƙa Superdawg, wanda ke nan tun 1948, inda har yau ake kawo wa mutum abinci bakin tagar motarsa, ga gumakan hotdog biyu a tsaye kan rufin.

A Ditroyit kuwa gari ya rabu biyu. Shaguna biyu ne bango ɗaya ya raba su, American Coney Island da Lafayette Coney Island. Wani Bagirke mai suna Gust Keros ya kafa na farkon a 1917, daga baya ɗan'uwansa ya buɗe na biyun a jikinsa. Dukansu miyar niƙaƙƙen nama suke malala wa sosej, da mastad da ɗanyar albasa, amma kowane ɗan gari yana da ɓangarensa, kuma ba ya canza sheƙa. In an tambaye ka wanne ya fi, yi murmushi ka ce kai baƙo ne. Sosej ɗin wannan yanki sau da yawa yana da alade, don haka Musulmi ya gangara Dearborn da ke maƙwabtaka, inda Larabawa suka yi yawa, zai samu masu yin irinsa da naman halal.

A jihar Niyu Jasi, a garin Clifton, akwai Rutt's Hut tun 1928, inda ake jefa sosej cikin tafasasshen mai har fatarsa ta tsage. A Washinton akwai Ben's Chili Bowl tun 1958, inda Barack Obama ya je cin abinci a Janairun 2009, kwanaki kaɗan kafin a rantsar da shi. A Tucson ta jihar Arizona kuwa naɗe sosej ake yi da siririn naman alade, wannan sai dai ka gaishe shi daga nesa. A duk waɗannan wurare, koma mataki na ɗaya.

Mataki na bakwai: Ziyarar tushe, ba tare da shiga gasa ba

Karatunka ba zai cika ba sai ka je Coney Island, bakin teku a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok. A can ne wani Bajamushe, Charles Feltman, ya yi suna da sayar da sosej cikin burodi tun wajen 1870. Wani yaronsa mai yanka burodi, Nathan Handwerker, baƙo daga Foland, ya ware ya buɗe tasa rumfar a 1916, ya riƙa sayarwa santi biyar alhali maigidansa na sayarwa santi goma. Rumfar Nathan's tana nan har yau a mahaɗar titin Surf da Stillwell, ta maigidan kuwa ta daɗe da rufewa.

A rumfar Nathan's ne ake gasar cin hotdog kowace ranar 4 ga Yuli. A 2021 Joey Chestnut ya haɗiye 76 cikin minti goma, yana tsoma burodi a ruwa don ya wuce maƙogwaro da sauri. Ka je ka kalla, ka tafa, amma kada zuciya ta raya maka gwadawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma asibitin Amurka ba wurin da baƙo zai so ya kwana ba ne, ko don kuɗinsa. Shi ɗan gasa lissafi yake yi, kai ɗanɗano ka zo.

Mataki na takwas: Yanke hukunci

Bayan ka zaga, buɗe littafinka ka fitar da gwaninka guda ɗaya, ka tsaya a kansa. Gwanin da ya ce duka suna da daɗi bai faɗi komai ba. Ka kawo hujja: fatar wane ta fi ƙara, burodin wane ya fi riƙe amana, albasar wane ta fi nuna. Abokin tafiyarka zai ƙi yarda, kuma haka ake so, don musun ne zai sa ku sake komawa.

Kada kuma sunan wuri ya rufe maka ido. Zai yiwu ƙaramar rumfar da ke kusa da tashar motar unguwarku ta doke duk waɗanda aka ambata a nan. In haka ta faru, faɗi gaskiya, ka koma ka gaya wa mai rumfar baki da baki, ka kuma kai masa baƙi. Mutum ne da ke tsaye tun safe cikin sanyin da ke daskarar da yatsu da zafin da ke narkar da kwalta, yana ciyar da jama'a da ɗan abin da aljihunsu zai iya.

Saboda haka, mai karatu, ranar da ka sauka Amurka kada ka ƙare kwanakinka a ɗakin cin abincin otal. Fito bakin titi, yi tambayarka uku, yi bisimilla, ka ci a tsanake. Gani ya kori ji. Allah Ya kai ka lafiya, Ya kuma tsare maka rigarka.