Masu Neman Anini

A zamanin kakanninmu anini goma ne kobo guda, kuɗi ne mai huda a tsakiya wanda ake ba yaro ya sayi gyaɗa. Yau anini ya bar aljihu ya hau kafaɗa, ya kuma yi tsada. Kafin saurayi ya ɗora ƙwaya ɗaya a kan kakin sojan ƙasa ta ƙofar NDA, makarantar horar da hafsoshi, sai ya shafe shekara biyar a Kaduna, huɗu yana digiri haɗe da horo, ta biyar horon soja zalla. Masu son jirgin sama ko na ruwa huɗu suke yi a can.

Ina da aboki mai shagon kwamfuta kusa da Wunti a Bauchi, inda ake ɗaukar hoton fasfo, a cike fom, a buga takarda. Duk shekara da an buɗe shafin makarantar sai in jawo benci in zauna a bakin shagon, wai hira nake taya shi. Kallo ne ke kai ni. Sharuɗɗan a rubuce suke ƙarara: ka zaɓi NDA farko a JAMB, ka zo da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, shekarunka 17 zuwa 21, ba ka da aure, idan namiji ne tsayinka ya kai mita 1.68. Sai jarrabawar tantancewa, sai wanda ya tsallake a kira shi Kaduna gaban kwamitin zaɓe, a auna jininsa da idonsa da gudunsa da bakinsa. Kowa ya karanta wannan. Kowa kuma ya tabbata akwai layi ɗaya da ba da shi ake ba.

Wanda na fi tausayi shi ne Gajere. Tsayinsa 1.66, watau santimita biyu ce kawai ta shiga tsakaninsa da zama Janar. Ya zaga teloli tun daga Wunti har kasuwar Muda Lawal yana neman awon da zai so shi, ya samu wani tsohon tela mai tef ɗin da ya sha wanki ya tsuke, tun ranar ba ya kai ɗinki ko'ina sai wurinsa. Wani ya faɗa masa mutum ya fi tsayi da safe, kuma gaskiya ne, ƙashin baya kan ɗan saki idan an kwana a miƙe. Shi ke nan, daga sallame sallar asuba sai jikin bango, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, kada tsayin ya zube kafin ya isa. Da yamma yana lilo a reshen mangwaro. Ya tara suma, ya manta katakon awo a kan fatar kai ake danna shi. Kakarsa ta gaji da kallon wannan aiki ta ce, "Kai ɗan nan, mai sunanka ma haka Allah ya yi shi, kuma ya yi noma, ya aurar da 'ya'ya tara. Sauko ka ci tuwo."

Shi kuwa Janar bai jira kowa ba, ya riga ya ba kansa muƙamin. Fom bai gama fita daga injin buga takarda ba ya aske kansa ƙwal, tafiyarsa ta canja, hannuwa sun buɗe kamar mai maruru a hammata biyu. Idan mahaifiyarsa ta kira shi sai ya ƙame ya sara mata, ita kuwa ta ce ya je ya ɗebo ruwa. Abokan makarantarsa sun koma "farar hula". Ya san sunan kowace bindiga da ya gani a fim, amma idan fanka ta yi ƙara da dare sai ya leƙa ɗakin yayansa. Ya sayi wandon kaki mai dabbare-dabbare a gwanjo, alhali an hana farar hula sa shi. Bauchi kuwa gari ne na barikoki, ga Shadawanka, ga makarantar tankokin yaƙi, ga sojan sama, saboda haka bai yi sati ba ya gamu da masu kayan na ainihi. Ranar ya ɗanɗana tsallen kwaɗo kyauta, ba fom ba jarrabawa. Ya kwana biyu yana sallah a zaune. Da aka tambaye shi sai ya ce ai gabatarwa ce tsakanin 'yan uwa.

Akwai ɗan shekara 21 na dindindin. Shekara huɗu ke nan yana zuwa shagon, kullum da sabuwar takardar rantsuwar shekaru daga kotu, kullum 21. Ƙanensa ya taso ya cim masa, ya wuce shi, a takarda yanzu shi ne yaya. Gemu yake askewa sau biyu a rana. Abokina ya taɓa ce masa, "Yallaɓai, shekarar da ka rubuta ka gama sakandare fa, a wannan lissafin kana ɗan shekara goma sha ɗaya." Ya yi shiru, ya ce, "Ai ina da ƙoƙari tun ina yaro."

Ɗan asalin jiha na aro ba ya daɗewa a shago. Da yake ana raba gurabe jiha-jiha, kuma sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma, sai ya tuna kwatsam cewa kakansa na wajen uba daga wani ƙauye yake cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar. Tambaye shi sunan dagacin garin, ka ga mai duba agogo.

Sannan ga wanda ba shi ke son aikin ba. Za ka gane shi don ba shi kaɗai yake zuwa ba, ubansa na gaba yana biye da fayil. Uban tsohon saje ne, ya shiga ta Depot ɗin Zariya yana kurtu, ya yi shekara talatin da wani abu yana sara wa yaran da ya haifi kamarsu, ya fita da igiya uku da ciwon gwiwa da fansho mai zuwa idan ya ga dama. Ya rantse a zuciyarsa jininsa ma sai an sara masa. Tun yaron na firamare ya so ya tura shi makarantar soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, uwar ta hana. Yanzu ba mai hanawa. Shi ke amsa duk tambayar da aka yi wa yaron. "Wane fanni kake so?" "Sojan ƙasa yake so." Yaron kuwa idonsa na kan kwamfutar abokina, yana lura da yadda ake gyara hoto. Ran nan uban ya fita amsa waya, yaron ya sunkuyo ya ce, "Kawu, idan mutum ya yi kuskure a fom da gangan, ana ganewa?"

Ban taɓa iya yi wa sajen nan dariya har ciki ba. Na ga yadda yake miƙewa tsaye, da gwiwar tasa, idan motar wani hafsa ta gifta, ko da gilashin a rufe yake.

Kawu mai hanya kuwa bai cike fom ba, ba zai yi gudu ba, amma a bakinsa maganar ta fi zaƙi. Ya san wani Kanar. Kanar ɗin sun yi firamare tare, ko kuwa matarsa ce ta yi makwabtaka da ƙanwar matar Kanar ɗin, ya danganta da ranar da ka tambaya. Hujjarsa ta tarihi ma a shirye take: an buɗe NDA a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, ga kabarinsa nan cikin gari, to ta yaya za a ce ɗan Bauchi ya bi layi? Ya karɓi kuɗin mota zuwa Kaduna sau uku. Wayar Kanar kullum a kashe, yana "fagen daga". Ɗan uwansa na intanet ya fi shi haɗari, mai hoton wani babban hafsa a Facebook, yana sayar da gurbi da lambar asusun banki, kuma har yau yana samun kasuwa duk da gargaɗin da hukumomin soja ke ta yi cewa ba a sayen shiga. Na taɓa faɗa wa Kawu cewa a Amurka yawancin masu neman West Point, makarantar da aka kafa tun 1802, sai sun samu takardar tsayarwa daga ɗan majalisarsu, kuma doka ce. Ya buga cinya ya ce, "Ka gani ko! Su sun waye, sun mayar da hanya hukuma." Ban ƙarasa masa cewa takardar ba ta ɗauke wa yaro jarrabawa da gwajin lafiya ba, don ya riga ya tashi kai labari.

Wani abu kuma da suke yi a can, shi na fi so a ce muna da shi. A farkon bazararsu sukan gayyaci 'yan sakandare masu shirin shiga ajin ƙarshe su yi mako guda a cikin makarantar, a tashe su da duku-duku, a sa su fareti, su shiga aji, su ga abin da idonsu kafin su ce suna so. Mu nan soja marmari ne daga nesa. Abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne ƙungiyar kadet ta makaranta, da 'yan Man O' War, da sansanin da ke duwatsun Shere kusa da Jos, inda ake hawan dutse da igiya cikin sanyin da ɗan Bauchi bai saba ba. Wanda ya je can a dogon hutu yakan dawo ɗaya cikin biyu: ko ya daina maganar soja gaba ɗaya, ko ya daina surutu ya fara gudu da gaske.

Sauran kuwa sansaninsu bakin filin wasa na Tafawa Balewa ne, da asuba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a nan ranar ake neman wuƙar. Ana saura sati biyu a tafi Kaduna sai titi ya cika da sababbin takalma. Ga mai ƙirji, wanda ya yi wata shida yana ɗaga siminti a gwangwani, zai iya ɗaukar babur, amma Lissafi sau uku yana kayar da shi. Ga kishiyarsa, sarkin littafi, ya haddace tambayoyin shekara goma da babban birnin kowace ƙasa, zagaye ɗaya ya yi ya rungume sandar lantarki yana kalmar shahada. Ga kuma mai gudun kwana uku, wanda kowane atisaye nasa ke ƙarewa gaban mai masa, ya ci ta dubu ɗaya da miyar taushe yana cewa jiki na bukatar gini.

Cikin masu gudun nan akwai yarinya, da hijabi da wandon motsa jiki, ƙanenta na binta a keke bisa umarnin Baba. Tun 2011 aka fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshi na dindindin, amma labarin bai iso wurin gwaggonninta ba, ko ya iso sun ƙi karɓa. Sun yi taro a kanta har sau biyu. "Wa zai auri mace mai bindiga?" Ta ce, "Gwaggo, wanda ba shi da niyyar laifi." Ita ce ke wuce mai ƙirji a zagaye na huɗu, ba ta ko kallonsa.

Uwa ba ta zuwa shago, amma ita ke biyan kuɗin fom, daga adashi. A gaban mutane tana cewa Allah ya ba da sa'a. Idan dare ya raba, ita da Ubangijinta ne kaɗai suka san abin da take roƙo. Tun 2009 take jin labarin Borno da Yobe a rediyo, ta kuma je gaisuwa gidajen da aka kawo musu jaka da takalmi ba mai su. Don haka ta karɓo rubutu iri biyu wurin malami, na farin jini gaban kwamiti da na tsari, ta ɗinke laya a ƙugun gajeren wando, ba ta san a Kaduna har wandon ake cirewa ba. Ranar da sunaye suka fito babu na ɗanta, ta yi salati, ta ce haka Allah ya so, ta shiga ɗaki. Da yamma aka ga ta yanka kaza.

Saura tsohon ɗan takara, wanda ya je Kaduna sau ɗaya ya dawo, kuma yau shekara ashirin yana cin abinci da labarin. Ya san komai: yadda ake rataya wa mutum lamba a ƙirji sunansa ya ɓace, yadda ake karanta lambobin waɗanda za su ɗauki jakarsu, yadda hanyar Saminaka ke ninka tsawo a dawowa. Yana zama bakin shagon kwamfuta yana ba yara shawarar da ba su nema ba. To, ni ne. Likita ya dubi tafin ƙafata ya ga ba lanƙwasa, shimfiɗe take kamar ta agwagwa. Da na dawo gida na jiƙa ƙafa na taka siminti, sawun ya fito cif kamar an ajiye faranti, na ce likita ya yi gaskiya. Amma ga wanda bai san ni ba, nakan ce santimita biyu ce.

Wanda ke samun shiga, sau da yawa ba ka ma lura da zuwansa ba. Bara waccan wani yaro ya zo shi kaɗai da takardunsa a leda, ya biya, ya ce na gode, ya tafi. Sai da hutu ya zagayo muka gan shi, ya rame, ya yi baƙi, wuya kamar mariƙin lema, yana zaune a bencina kamar an ɗaura masa katako a baya. Nan da nan aka kewaye shi. Gajere ya tsaya kusa da shi yana satar gwada kafaɗa. Kawu ya ce ai shi ya yi magana da Kanar. Janar ya matso, murya na rawa, ya ce, "Oga, don Allah, yaya nauyin bindigar yake? An ba ku harbi?"

Ba amsa. Muka leƙa fuskarsa. Barci yake, a zaune, bayansa a miƙe, da rabin masa a hannu.