Daga Yokohama Zuwa ga Taubashi Mai Son Gem

Yokohama, Japan
Ƙarshen watan Mayu, 2025

Zuwa ga taubashi, ɗan Gwaggo kuma baran gida,

Ubangidanka yana gaishe ka, yana gaida Gwaggo da mutan gida baki ɗaya. Saƙonka na murya ya iso, an kuma saurare shi har ƙarshe duk da tsawonsa. An fahimci cewa bana ka girmi kuɗin shara, ka girmi shadda, Switch 2 kake so, haɗe da "gem ɗin nan da mutum ɗaya ke share runduna", wai a ba mai zuwa kafin Babbar Sallah. Ubangida ya yi dariya har abokan aiki a wurin lodin kayan gyaran mota suka waiwayo, alhali a ƙasar nan ko tari mutum zai yi a jirgin ƙasa sai ya sunkuyar da kai.

To ka buɗe kunne. Na'urar da kake kira tamkar tana jibge a Kantin Kwari ba ta ma fito ba, sai 5 ga Yuni. Kuma kuɗi kaɗai ba ya sayenta. Nintendo ƙuri'a ya buɗe a shagonsa na intanet, mutum wajen miliyan 2.2 suka sa suna a Japan kaɗai, har shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya fito a watan Afrilu yana ba da haƙuri cewa da yawa ba za su samu ba. Wanda ya dace ma ba kyauta ya ci ba, izinin biya aka ba shi. Shiga ƙuri'ar kanta da sharaɗi: sai wanda ya buga aƙalla awa 50 a tsohuwar Switch, ya kuma yi shekara guda yana biyan kuɗin wasa ta intanet. An yi haka ne don a toshe 'yan sari, masu kwashe kaya su ninka farashi. Ubangidanka, da hannunsa ya fi sabawa da sifana, ko ƙofar ƙuri'ar bai isa ba.

Sai batun farashi, inda baƙo ke gane shi baƙo ne. Iri biyu za a sayar a nan. Ta yen 49,980 Japananci kawai take ji, asusun Japan kawai take karɓa. Mai jin sauran harsuna yen 69,980 ce, ita kuma sai a shagon Nintendo na intanet. A Amurka kuwa dala 449.99. Dalilin a fili yake: yen ta yi rauni, da an sayar da mai araha ga kowa, da 'yan yawon buɗe ido sun cika akwatuna sun bar yaran ƙasa da kallo. Ubangida bai ga laifinsu ba. Abin da ya hango kawai shi ne kai, zaune a zaure da na'urar yen 49,980, kana danne-danne a kan rubutun da ba ka san samansa da ƙasansa ba, kana kiran Yokohama ƙarfe ukun dare a fassara maka.

Shi kuwa gem ɗin da ka kasa faɗin sunansa, Dynasty Warriors ne, kuma maƙwabcin ubangida ne, domin Koei Tecmo da ke yin sa a nan Yokohama hedikwatarsa take. Da ya fara fitowa a 1997 dambe ne na mutum biyu. A 2000, a kan PlayStation 2, aka saki ɗan wasa cikin fili da runduna gabansa, daga nan aka kama hanya. Labarin kuwa na Sin ne, daga littafin Luo Guanzhong na ƙarni na 14 a kan masarautu uku, Wei da Wu da Shu. Kusan kowace fitowa da tawayen masu rawani rawaya na shekarar 184 ake buɗe shi. Bayin Allah nan, shekara 25 ke nan ana karkashe su, ana sake tashe su a sabuwar na'ura don a sake karkashewa da hoto mai kyau. Can gaba a ƙofar Hulao sai Lu Bu ya ɓullo a kan jan dokinsa, a gargaɗe ka kada ka bi shi. Wanda ya san ka ya san za ka bi shi.

Ko lambar gem ɗin rigima ce. Japanawa daga na 2000 suka fara ƙirga, Turawa daga na 1997, saboda haka na 9 a wajenku shi ne na 8 a nan. Mai aike ya yi hattara.

Amma wanne kake so a ciki? Zuriyar nan ta fi ta gidan Kaka yawa, inda kowace shekara ake suna biyu. A 2004 aka haifi Samurai Warriors, aka dawo da yaƙin gida Japan zamanin Oda Nobunaga. A 2007 aka haɗa jaruman Sin da na Japan a Warriors Orochi, duk da shekara fiye da dubu da ke tsakaninsu, ba wanda ya tsaya tambaya. Aka ara wa One Piece salon a 2012, aka ara wa Zelda a 2014 da sunan Hyrule Warriors, Fire Emblem ya karɓa a 2017. Ɗan aro ma ya so ya fi mai gida, don Hyrule Warriors: Age of Calamity na 2020 ya fitar da kwafi miliyan 3 cikin kwana huɗu. Ra'ayin ubangida, wanda ba ka nema ba, shi ne rabin wannan zuriya riga kawai aka sauya mata, maɓallan da ake dannawa suna nan yadda suke. Sai dai ga dukkan alama mutane ba sabon abu suke nema ba.

Shaidarsa wani dattijo ne a wurin aiki, mai furfura, wanda sai ya rusuna wa direban babbar mota kafin ya miƙa masa takarda. Lokacin hutun rana yakan zauna bisa tsohuwar taya, dunƙulen shinkafa a gefe, tsohuwar Switch a hannu. Ubangida ya leƙa ta kafaɗarsa: ga lamba a lungun allo tana ƙirga waɗanda ya kayar, ta wuce dubu, fuskar dattijo ko gezau. Da lokaci ya cika ya kashe, ya naɗe ledar shinkafar ya sa a aljihu, ya koma yana ba kowa haƙuri. Shi ya cika sharuɗan ƙuri'ar tsaf, ya shiga, bai dace ba, yana jiran zagaye na gaba.

Ga kuma ƙarin tsaiko a buƙatarka. Sabon babban gem ɗin, Dynasty Warriors: Origins, ya fito a Janairun bana bayan shekara bakwai da na 9, wanda masoya suka yi ta kuka da shi. An yabe shi, ya haura kwafi miliyan, amma a PlayStation 5 da Xbox da kwamfuta yake. PlayStation 5 kuwa tun Satumbar bara ta koma yen 79,980 a nan. Wanda aka yi wa Switch 2 alkawari, Hyrule Warriors: Age of Imprisonment, sai da sanyi. Ranar 5 ga Yuni tseren mota na Mario Kart World ne zai buɗe fage, kai kuma an san yadda ka ƙare da babur ɗin Kawu.

Duk da haka ba a bar bara hannu rabbana ba. Nintendo da karta ya fara a Kyoto a 1889, irin mai zanen furanni da ake kira hanafuda, kuma har gobe yana buga ta. Ubangida ya saya maka kwali ɗaya, kati 48, sahihin kayan Nintendo, ba ya son caji, ba ruwansa da ɗauke wuta. Ka ɓoye kada Gwaggo ta gani, in kuma ta gani, kai ka saya. A ajiye wa ubangida soyayyen nama, a gwangwani mai murfi, ba wanda ka riga ka buɗe ba.

Ubangidanka na har abada.