Azare a Bayan Wando

Duk wanda ya taɓa riƙe fad a gidan gem a Azare ya san ƙungiyar da ake kira Man Blue. Ba ta cikin taswirar Ingila, amma tana nan daram a PES 2013, ita da North London da London FC da Merseyside Red. Maganar kuɗi ce ta jawo haka. Kamfanin EA, mai gem ɗin FIFA a lokacin, shi ke riƙe da lasisin gasar Firimiya, sai Konami na Japan ya tsira da Manchester United kaɗai a waccan shekarar, sauran ya raɗa musu sunayen boge da riguna na jeka-na-yi-ka. Magoya bayan Arsenal suka karɓi North London da haƙuri, dama sun saba.

Tun 2012 gem ɗin ya fito, amma a wajenmu ya ƙi tsufa, don shi ne tsofaffin laftof 'yan gwanjo ke iya ɗauka ba tare da zazzaɓi ya kama su ba. Abin da ke raya shi kuwa faci ne. Wasu samari a Indonesiya da Masar da sauran wurare su zauna su gyara sunaye, su ɗinka riguna, su mayar da kowane ɗan wasa kulob ɗin da ya koma a bana, su saki kyauta a intanet. Mu ba ta intanet yake iso mana ba, kuɗin data ba zai bari ba. Mutum ɗaya ne zai sauke, daga nan filas ta ɗauka hannu zuwa hannu har ya zaga ƙasar Guddiri.

Sai na ce wa raina, in yaro a Jakarta zai iya sa ƙungiyar garinsu a gem, me zai hana ƙungiyar unguwarmu shiga? Kayan aiki kuma ga shi Allah ya kawo har ɗaki. Yayana da ke karatu a Gadau ya bar mini laftof ɗinsa in buga masa aikin kammala digiri, wai na fi shi saurin hannu.

Ban fara da ƙwallo ba. Na fara gwada hannu a GTA San Andreas, don an ce nan ne makarantar allon masu faci. Kusan duk motocin gem ɗin da gidajensa suna ƙunshe a fayil guda mai suna gta3.img, nauyinsa ya kusa giga ɗaya. Kowace mota fayil biyu gare ta, ɗaya na ƙira, ɗaya na fenti. Ka cire na tasi, ka sa na wani abu da sunan tasi, shi ke nan gem ya ruɗu. Na samo wata keke mai ƙafa uku da wani ya ƙera, irin Bajaj ɗin Indiya da ke cika mana titi, na danna ta a gurbin tasi.

Wallahi ta yi. Na fito da CJ, tauraron gem ɗin, daga Grove Street, sai ga Keke Napep ruwan ɗorawa tana tafe a titin Los Santos. Na yi kabbara har Inna ta leƙo tana tambayar wa aka haifa. Matsala ɗaya, gem bai san an yi canji ba, yana ba ta gudun tasi da nauyin tasi. Sai na buɗe fayil ɗin handling.cfg, inda aka jera nauyin kowace mota da gudunta da inda nauyin ya taru, lamba bayan lamba, layi ya fi faɗin allo. Na rage wata lamba da na ɗauka nauyi ce. Ashe ta tsakiyar nauyi ce. Daga ranar duk keken da ta zo kwana sai ta kifa, ta kama da wuta, direba ya fito da gudu. Gari guda ya koma maƙabartar keke. Ƙanena da ke kallo ya ce, "Yaya, ai wannan ma ta fi kama da ta gaske."

Zaƙin abin ya ja ni, na ƙara tirela, na ƙara babur, na ƙara wata riga mai kama da babbar riga. Gem ya ɗauko lodi ya kai rabi, ya mutu. Na sake kunnawa, ya sake mutuwa a daidai wurin. Na tafi gidan gem roƙon lafiyayyen fayil. Mai gidan, wanda ya ga jiya ya ga yau a wannan harka, bai ko ɗago kai daga lissafin canjinsa ba.

"Ina wanda ka ajiye?"

"Wanne, Oga?"

"Kafin ka taɓa fayil, ka kwafe shi gefe. Kuma faci ɗaya-ɗaya ake sawa, a gwada, sannan a ƙara. Ka zuba goma a tare, yanzu wa za ka kama?"

Ya ba ni filas. Filas ɗin ta zo da fayil, ta kuma zo da baƙo. Bairos ɗin nan ne mai mayar da folda gajeriyar hanya, ka danna ka ga wayam. Ya tsallaka zuwa filas ɗin Yaya, inda babi uku na aikinsa suke. A daren nan Yaya ya dawo gida.

Na yi ƙoƙarin kare kaina da tarihi. Na ce masa Counter-Strike da duniya ke bugawa faci ne da wasu samari biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa Half-Life a 1999, kamfanin Valve ya saye shi ya kuma ɗauke su aiki. Na ce Dota daga taswirar Warcraft III ta fito. Na ce PUBG ɗin da yake bugawa a waya, Brendan Greene ya faro shi ne daga yi wa Arma kwaskwarima. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "A cikinsu wa ya ci babi uku na yayansa?"

Allah ya rufa asiri, wannan bairos ɓoyewa yake yi, ba ya sharewa. Wani mai gyara a kasuwa ya rubuta layi ɗaya a baƙin allo, folda ta dawo da komai nata. Yaya ya huce, har ya ce tunda na iya sa keke a Amurka, in sa shi a ƙungiyar unguwa. Lamba goma yake so.

To, nan aka zo wurin. Sa riga a PES 2013 ana yi ne da wata manhaja mai suna Kitserver. Rigar hoto ce shimfiɗaɗɗiya, gaba da baya da hannuwa da wando da safa duk a baje a fili guda, kamar yadin da tela ya yanka bai kai ga ɗinki ba. Sai ka yi fenti, gem ya naɗa wa ɗan wasa. Akwai kuma ɗan fayil mai suna map.txt da ke cewa ƙungiya mai lamba kaza, ga foldar rigarta.

Kafin fenti ma sai da aka yi zaman sulhu kan abin da za a rubuta a ƙirji. Samari suka ce Azare. Kawuna, wanda ba ya barin tarihi ya wuce ta ƙofar gidansa bai tare shi ba, ya ce Katagum. Ya tuna mana Malam Zaki ne ya karɓo tuta ya kafa masarauta, kuma sai a zamanin Turawa fada ta dawo Azare. Wani ya ce to ai garin Katagum yanzu yana Ƙaramar Hukumar Zaki, Ƙaramar Hukumar Katagum kuma hedikwatarta Azare, wanne ke nan za a rubuta? Kawu ya ce yaran yanzu ba su da kunya. Aka bar shi a Azare.

Na rubuta AZARE da manyan baƙaƙe a inda na tabbata ƙirji ne. Muka taru a gidan gem bayan la'asar, aka tayar da janareto, 'yan wasa suka fito fili. Ƙirji fes, ko ɗigo babu. Kyamara ta zagayo baya, sai ga AZARE ɓaro-ɓaro a mazaunan wando, kuma a kife. Ba wannan ne ya tayar da ƙura ba. Lambar da na sa a map.txt ba ta ƙungiyarmu ba ce, ta Barcelona ce. Messi ne ke gudu da Azare a bayansa, Xavi da Iniesta na biye. 'Yan Madrid suka faɗi ƙasa don dariya. Wani ɗan Barcelona ya miƙe ya ce in ban cire ba kafin magariba, ya san gidanmu.

Na gyara lambar. Wandon na ce zan gyara daga baya, don wani aiki ya taso wanda ya fi shi girma, wato rabon maki. A PES kowane ɗan wasa yana da maki na gudu da bugu da kai da juriya, iyakarsu 99. Ranar da unguwa ta gane ni ke riƙe da alƙalamin, na zama mutum. Mai tsaron gidanmu, wanda ƙwallo ke bi ta tsakanin ƙafafunsa har a atisaye, ya zo da tsire a takarda yana tambayar lafiyar Inna. Wani ya turo mini kati. Wani da na ba 68 a gudu ya daina amsa sallamata, ya aiko a gaya mini ya ji an ba ɗan gidan mai unguwa 75 alhali ya taɓa tsere masa a gaban jama'a. Kawu ma ya dawo. Ya ce a zamaninsa shi ne bangon baya, kuma yana filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa yana kallon Wikki Tourists tun kafin su ɗauki kofin ƙalubale a 1998, saboda haka kyaftin ba ya wuce shi.

"Kawu, ai ka haura sittin."

"A cikin na'urar ma sai ka tona mini asiri? Rubuta ashirin da biyar."

Na rubuta. Ya ce a ƙara masa tsawo.

Tunda ba wanda zan iya ɓata wa, kowa na ba shi 99 a komai. Sakamakon ya zama ƙungiyar da ba ta gajiya, ba ta kuskure, mai tsaron gida yana fin Ronaldo gudu. Kawu ya ɗauko ƙwallo daga baya ya yanke Real Madrid kaf ya zura ta da ka. Duk wanda ya riga zaɓar unguwarmu ya ci, sai faɗa ya koma kan wa zai riga danna maɓalli. Da aka fasa fad na biyu, mai gidan gem ya manna takarda a bango cewa an haramta ɗaukar ƙungiyar a shagonsa. Yaya kuma ya karɓe laftof ɗinsa ya koma Gadau.

Na ɗauka magana ta mutu. Bayan sallar layya na je kasuwa wajen masu tura fim da waƙa a waya, sai wani yaro da ban sani ba ya jawo ni gefe.

"Yallaɓai, akwai sabon facin PES. Daga Kano ya zo, aikin wani ƙwararre ne. Har Potiskum da Misau an kai shi. Akwai ƙungiyar garin nan a ciki."

Na ce ya buɗe in gani. Ga Kawu da kyaftin a hannu, shekara ashirin da biyar, dogo sambal. Ga Yaya da lamba goma. Kyamara ta zagayo, ga AZARE a kife a inda na bar ta. Na tambaye shi dalilin rubutun a wando, ya ce haka Turawa ke yayi yanzu.

Na nemi sunana. A filin babu ni. Na gangara benci, can ƙasa na same ni, wani ya bi ya rage mini gudu zuwa 40, ya kuma mayar da ni mai tsaron gida na uku. Kowa na nan da 99 ɗinsa, ni kaɗai aka taɓa.

"Ɗari biyar ne," in ji yaron. "Amma wannan na ƙarshen kada ka sa shi a wasa, yallaɓai. An ce a zahiri ma haka yake."