Mazo, Kare da Ruwan Challawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

A zamanin da Ɗorayi take ƙauye, daga gidan sarki na can har gaɓar kogin Challawa gonaki ne da fadama, akwai wani kurmi a bakin ruwa, wajen Panshekara. Kanya da ɓaure da sarƙaƙiya sun rufe shi har rana ba ta taɓa ƙasa. A ciki Mazo yake zaune, tare da wata marainiyar Gada da ya riƙe tun tana ƙarama, take ce masa Baba.

Duk shekara idan damina ta yi tsakiya, sai kogi ya cika ya batse, ya kwararo cikin kurmi. Namun daji su tattara su hau 'yan tuddan da ruwa bai ci ba. Kare ya san haka. Maigidansa maharbi ne a Ɗorayi, shi kuwa shi ne hancin maigidan. Da asuba yake fita, ya sa iska a gabansa, ya bi gefen ruwa inda taɓo ya yi laushi. Sawun mazo ya fi na gada girma, kuma a taɓo kofaton yakan buɗe biyu. Idan ruwa bai gama taruwa a cikin sawun ba, mai shi bai yi nisa ba. Ya shinshina kashi ya ji ko ɗanye ne, ya duba ganyen da aka tsinka, ya duba gindin itacen da aka goga wa ƙaho har ɓawo ya saɓule. Kare gwani ne, wannan ba a ƙwace masa ba.

Amma shekara da shekaru bai taɓa kai maigidansa kan Mazo ba.

Mazo yakan ce wa Gada: "'Yata, idan kin ji haushi, kada ki hau tudu, can ake jiranki. Ki faɗa ruwa har ƙirji, ki yi sama, ki fita a cikin kyauro ki kwanta, ko kunne kada ki kaɗa. Ruwa ba ya riƙe sawu, ba ya riƙe wari." Haka suke yi. Kare ya zo bakin ruwa ya yi ta kai da kawowa, ya koma gida da jela a ƙasa. Ambaliyar nan da kowa ke kuka da ita, ita ce katangarsu.

Ana nan, ana nan, sai ga Gizo da babbar riga. Ya tara kowa a gindin ɓaure, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce arziki ya sauka a Sharaɗa da Challawa da Bompai, an kafa masana'antu, kowa zai samu. Abu ɗaya kawai ake roƙo: a ba da hanya ta rafin Salanta, ɗan ruwan wanki ya riƙa gangarowa kogi.

Mazo ya ce: "Malam Gizo, wankin me?"

Gizo ya ce: "Haba dattijo, kogi kamar wannan, me ɗan ruwan wanki zai yi masa?"

Dila, wanda tun daren jiya aka kai masa cinyar kaza, ya gyara murya ya ce shi ya duba, babu laifi. Shi kuwa Kada hamma ya yi ya koma ruwa. Aka shafa fatiha aka watse. Da aka gama madatsar Ƙaraye a 1992, ambaliya ta ragu, Gizo ya dawo yana bugun ƙirji, wai shi ya roƙa musu. Bai gaya musu cewa ruwan da ke ɗauraye kogin duk shekara shi ma an tsare shi ba.

Wata rana wata jar Akuya ta tsinke igiya ta faɗo kurmi da gudu. Ta kai baki za ta sha, sai ta ja da baya tana rawar jiki. Ta ce wa Mazo: "Ranka ya daɗe, wannan ruwa warin 'yan uwana yake. Kakanninmu, majema na cikin birni da bagaruwa da toka suka jeme su. Yanzu a manyan ganguna masu juyawa ake zuba fatunmu, da gishiri da farar ƙasa da wani sinadari da ake kira kuromiyam. Fata ta fito shuɗiya, a ɗaure ta a kai Italiya a yi takalma da jaka. Ruwan kuwa, ga shi nan a gabanku." Mazo ya duba, ya ga kumfa ta taru a gindin kyauro, karfasa uku sun juya ciki sama.

Ni da nake ba ku labarin nan, a nan ne zuciyata take ɓaci, domin Akuya ta faɗi gaskiya a gaban kowa, kuma babu wanda ya tashi ya je ya toshe hanyar da aka bayar.

Da damina ta dawo, wata asuba Gada ta ji haushi. Ta yi abin da aka koya mata: ta faɗa ruwa har ƙirji, ta yi sama, ta fita cikin kyauro ta kwanta. Amma ruwan ya bi ta. Duk ciyawar da ta taka ta bar mata baƙin danshi mai maiƙo, ga ɗoyi yana tashi daga gashinta. Kare ko sunkuyawa bai yi ba, ya tafi kai tsaye. Mazo yana laɓe a sarƙaƙiya ya ji ƙarar bindigar toka sau ɗaya. Da maharbi ya feɗe ta a gindin kanya, ya ciro hanta ya juya ta a hannunsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya haƙa rami ya binne naman duka. Ya hana Kare ko lasar jinin.

Daga ranar Kare ya shiga kurmi yadda ya ga dama. Ya yi ta ratsa ruwan nan safe da yamma, yana cusa hanci a taɓo. Tafin ƙafarsa ya fara tsagewa, gashin cikinsa ya zube. Sai wata safiya aka ajiye masa tuwo a bayansa, bai sani ba har kaji suka cinye. Maigidansa ya rataye bindiga, ya samu aikin gadi a ƙofar wata masana'anta, ya daina kiransa.

Kare ya ja ƙafa ya koma kurmi shi kaɗai. Rabin itatuwan an sare, motocin tifa suna ta kwasar yashi a gaɓa. Ya hau tudun ƙarshe ya kwanta. Mazo na tsaye taku biyar daga inda yake, iska tana kaɗowa daga Mazo zuwa gare shi, bai ji komai ba.

Mazo ya ce: "Kare, ga ni."

Kare ya ɗago kai. Ya ce: "Dattijo, na neme ka tun ina ɗan kwikwiyo. Yau ba kai nake nema ba. Ina ake samun ruwan sha?"

Mazo bai amsa ba, don Gada tana ransa. Balbela ce daga kan reshe ta ce: "Kada ku yi arewa. Na fito daga can. Ruwan wankin Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, har madatsar Wasai."

Mazo ya yi shiru har rana ta ɗaga. Can ya ce: "Ni kudu zan yi. Zan bi kogin Kano, in wuce Tiga, in shiga dajin Falgore. Idan ƙafarka za ta iya, ka biyo sawuna, ba zan ɓoye shi ba. Amma ba tare za mu jera ba."

Ya tsallaka ta inda yashi ya bushe, yana danna kofato da gangan don sawun ya fito. Kare ya tashi da ƙyar ya bi shi da ido, tunda hanci ya tafi.

Ba su yi nisa ba sai ga Gizo da Ƙoƙi da doguwar igiya. Suka auna tudun, suka yanka shi fuloti huɗu, suka kafa turaku. Zomo ya biya kuɗin biyu nan take, ya ce zai shuka latas da kabeji ya kai kasuwa. Ya tambayi inda zai ja ruwan ban-ruwa, Gizo ya nuna masa Salanta.

Ƙurunƙus.